Iyakar Harbin Baba

Daga Allah muke, gare shi kuma Baba ya riga mu komawa. Ya rasu wata Laraba cikin zafin bazara, a gindin wata tsamiya dab da shiga Rabah, jakinsa na tsaye kusa da shi. Wasu masu kai albasa kasuwa suka gane shi, suka aiko mana Wurno. Na ari keke na bi hanya, na iske mutanen Rabah sun gama yi masa sutura, ni kaɗai suke jira. A can muka rufe shi. Allah ya saka wa mutanen nan da alheri, don sun yi masa abin da za su yi wa uban da ya haife su.

Zaman makoki kuwa a zaurenmu na Wurno aka yi shi, kuma duk wanda ya shigo, da ya shafa fatiha sai ya yi tambaya iri ɗaya. Maƙerin Lahodu, wanda ya ƙera wa Baba bindigarsa ta toka tun suna samari, shi ya fara.

"Ni dai ku hwaɗa mani, mi yak kai tsohon ga Rabah? Mutumin da masallaci ma sai da sanda shika zuwa?"

Wani ya ce albarushi ya je saye. Wani ya ce ai an ga wani mai maganin gwiwa ya sauka a can. Goggo, ƙanwar Baba, tana daga cikin gida ta jiyo su, ta ɗaga murya cikin kuka ta ce, "Taurin kai yak kai shi! Tun muna ƙanana haka shike." Wani mahauci ɗan Goronyo kuwa bai shiga gardamar ba. Ya zauna yana ta murza hularsa, can ya ce shekara da shekaru yana sayen nama a hannun Baba, bai taɓa feɗe dabbar da ya samu rauni biyu a jikinta ba. Ya faɗa, ya tashi, ya fita yana share ido.

Ni na san abin da ya kai shi Rabah, Inna ma ta sani. Gusau ya nufa, wurin Yaya, ɗansa na fari, wanda suka yi shekaru ba su sa juna a ido ba. Ta Rabah ake yankewa a faɗa babbar hanyar mota. Abin da ya sa na zauna nake rubuta wannan ke nan, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Ba na son jikokinsa su tashi abin da za su ji kawai shi ne kakansu maharbi ne mai zafin zuciya da ya kori ɗansa. Ya kore shi, ba zan ɓoye ba. Amma a kan hanyar zuwa wurinsa ya mutu.

Ni ne na biyu a gidan, kuma tela ne. Ban gaji bindiga ba, har yau in aka harba kusa da ni sai allura ta soke ni. Baba yakan ce Allah ya ba shi 'ya'ya maza biyu, ɗaya na daji, ɗaya na inuwa. Ban taɓa jin haushi ba, don inuwar ta yi mini daɗi.

Wanda bai ga Baba da kan burtu ba bai san shi ba. Kan tsuntsun nan ne ake busarwa a ɗaura a itace, maharbi ya ɗaure shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana ɗan sassara ƙasa kamar burtu na kiwo. Barewa ba ta tsoron burtu. Haka Baba zai yi ta jan jiki cikin ƙaya da rana, tun hantsi har azahar, don kawai ya matso kusa. Gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi. In kuma iska ta juya, dabba ta ɗaga kai kafin ya kai inda yake so, sai ya kwance burtunsa ya dawo gida hannu sake. Inna ta tare shi da dariya.

"Sannu da kiwo, burtu. Yau ma miyar kuka za mu sha lami?"

"Tana nan da ranta," in ji shi. "Ajiya niy yi."

Maharba kan taru a zaurenmu bayan la'asar, kuma ba su da hirar da ta fi ta nisan harbi. Wannan ya ce ya kayar da mariya daga wannan gaɓar Rima zuwa waccan. Wancan ya ce shi nasa ya fi, har sai da hayaƙi ya washe sannan ya ga ta faɗi. Kowace shekara gulbin ƙara faɗi yake a bakinsu. Baba na gefe yana shafa wa bindiga mai. In suka matsa masa ya faɗi nasa, sai ya ce shi bai taɓa harbin dabbar da bai ga tana ƙyafta ido ba. Su ce to, a ina harbi ke zama na nesa? Ya ce, "Nisa ba ga bindiga shike ba. Ka dubi ƙahwakka. In ka san ba ka kai wuƙa ga wuyanta tun ba ta wahala ba, ta yi maka nisa, ko da kana jin numhwashinta." Da gwiwa ta fara damunsa, sai ya ƙara matsawa kusa. Abokansa na neman bindiga mai dogon zango, shi kuwa iyakar harbinsa raguwa take kowane rani.

Doka ɗaya yake da ita wadda ba ya sassautawa: wanda ya fitar wa dabba jini, shi zai bi jinin har ya same ta. Ba a komawa gida a ci tuwo alhali wata halitta na kwance a daji da dalmarka a jikinta.

Wani maharbi ɗan Rara ya zo gaisuwa rana ta biyu, ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce lokacin yana sabon shiga, ya yi gaggawa ya harbi barewa daga nesa, ya karya mata ƙafa, ta tsere. Yana nan tsaye sai ga Baba. Bai zage shi ba. Ya ce masa, "Taho mu bi, ɗana." Suka bi har suka same ta, Baba ya miƙa masa wuƙa ya yanka, ya ɗora masa ita a kafaɗa. Da suka shiga gari aka tambaya, Baba ya ce yaron ga ya iya bin sawu, ya yi shiru a kan sauran. Mutumin na faɗa yana kuka. Na ce a raina, Baba, ɗan wani ka yi wa haka. Naka fa?

To, amma ɗan wani ba ɗan fari ba ne. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a nan, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar. "Wancan" shi ne sunan Yaya a bakin Baba. Ko harbi ma ba shi ya koya masa ba, wurin wani abokinsa ya tura shi. Da aka ɗebi Yaya soja aka kai su yaƙin Bama na zamanin Turawa, Baba bai taɓa tambayar kowa labarinsa ba sai ni, shi ma sai ya ga ba kowa a rumfata. Ya zo ya tsaya yana duba wani yadi da ba saye zai yi ba, ya ce, "Wancan, an ji wani abu?" Ranar da Yaya ya dawo, Baba ya sa aka yanka rago, sannan ya ɗauki bindiga ya shige daji bai fito ba sai da baƙi suka watse, don kada a ga haƙoransa a waje.

Yaya ya dawo da jikinsa lafiya, sai dai ya rage magana. Ba a daɗe ba wani Baturen gona da ke aikin shinkafa a fadama ya ɗauke shi harbin gyado, wato mugun dawa, da ke tone masa shuka. Ya ba shi aron bindiga irin ta soja. Ranar da Yaya ya fara gwada ta, mutane suka riƙe baki. Gyado na can ƙarshen fadama, ɗan baƙi-baƙi kamar tukunya a kife, Yaya ya durƙusa, ya ɗana, sai ga shi ya baje. Hirar zaure ta koma kansa. Masu faɗaɗa gulbi da baki suka ga wanda ya yi da gaske.

Baba bai ce masa komai ba. Ni ya ce wa, Yaya na zaune a tabarma ɗaya da mu.

"Hwaɗa ma wancan, abin da shika yi ba harbi na ba. Jihwa ta."

Yaya ya sunkuyar da kai, shi ma ni ya fuskanta. "Ce ma Baba, na tambayi malamai. Sun ce in ka yi bisimilla ka harba, ta mutu kahin ka kai, ta halatta."

"Malamai sun yi gaskiya, in ta mutu. Tambayi wancan, in ba ta mutu ba hwa?"

"Ce ma Baba ba ni kuskure."

"Ce mashi iska ba ta san soja ba."

Haka na zauna a tsakiya ina juya kai dama da hagu, ina maimaita wa kowa abin da ya riga ya ji da kunnensa. A lokacin dariya abin yake ba ni. Yanzu in na tuna, ba abin da nake so kamar a dawo da ni tabarmar nan in yi ta kai saƙon har magariba.

Abin ya faru da rani, a bakin dajin Gundumi ta wajen Goronyo, ranar wata farauta da maharban Wurno suka fita tare. Ban je ba, amma duk waɗanda suka je bakinsu ɗaya. Suka hango gwanki, babba, shi kaɗai, a hayin wani busasshen tafki. Gwanki ya yi wuya a ƙasar nan, wasu a cikinsu ba su taɓa ganinsa ba. Aka bar wa Baba, don shi ne babba. Ya tsuguna yana ɗaura kan burtu, sai aka ji ƙara a bayansa. Yaya ne. Gwankin ya durƙushe ta baya, ya miƙe, ya faɗa kurmi yana jan ƙafa.

A yi masa adalci, Yaya ya bi. Ya bi jinin har rana ta take, sawu ya ɓace masa a kan fako. Ya dawo ya ce dole ya mayar da bindigar Bature kafin yamma, kuma ai kura za ta ƙarasa shi. Baba bai dube shi ba. Ya miƙa wa wani bindigarsa, ya ɗauki gora da wuƙa, ya shiga kurmin yana ɗingishi. Suka ce su raka shi, ya ce jinin gidansa ne, ba na gayya ba.

Kwanaki suka wuce. Sai da hankalin Inna ya tashi, har an fara shirin bin bayansa, sannan ya dawo. Daga baya ya gaya mini ya same shi kwance cikin sarƙaƙiya da ransa, cinyar ta kumbura ta yi tsutsa, ungulaye na jere a bisa itace suna jira. Da ya matso, gwankin ya ɗago kai ya dube shi, bai ko yi yunƙurin tashi ba. Ya yanka shi. Naman ba ya ciyuwa. Ya cire cinyar nan, ya saɓo ta tun daga can har Wurno.

Da safiyar Juma'a ya rataye ta a ƙofar sashen Yaya. Surukan Yaya sun zo daga Goronyo suna ciki. Wari ya cika gidan, ƙudaje suka taru, masu wucewa suka riƙa leƙowa. Baba ya koma zaure ya zauna yana jan carbi. Da ɗan Rara ne, da kalma biyu ta isa. Amma Baba bai san yadda ake kiran ɗan fari gefe a yi masa magana ba, bai taɓa yi ba, sai ya bar cinya ta yi masa. Yaya ya fito, ya kwance ta da hannunsa, ya kai bayan gari ya binne. Ya mayar wa Bature bindigarsa, ya ajiye aikin. Kafin wata Juma'ar ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, ya kama gadi a wani kanti.

Ni dai na faɗa a lokacin, kuma har gobe ina faɗa: Baba ya yi gaskiya a kan gwanki, bai yi gaskiya a kan Yaya ba. Na gaya masa a fuskarsa. Ya ce in koma in ji da allurata.

Shekaru suka yi ta wucewa. Baba ya rataye bindiga, ya ce yanzu ko akuyar gida ta yi masa nisa. Ya koma zaman zaure, yana fuskantar hanya. In motar Sakkwato ta tsaya a kasuwa, sai in ga ya daina jan carbi har fasinjoji su gama watsewa. Na aika wa Yaya ta bakin fatake ba sau ɗaya ba, cewa tsoho na tsufa. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Ce musu ina nan tahe." Matan gida suka aurar da 'ya'ya, aka yi suna, aka yi rashi, bai zo ba.

Inna ce ta fasa ƙwan. Ita ma ba ta kiran sunan Yaya, ita ma ta haɗiye abin shekara da shekaru. Wata safiya ta kawo wa Baba kunu, ta ajiye, ba ta tafi ba. Ina wurin.

"Malam, naman daji ka bi kwana da kwanaki bisa ƙahwa guda. Naka hwa? Kura kaka jira ta ƙarasa shi?"

Ta juya ta shige. Baba bai sha kunun ba.

Da hantsi sai ga shi a rumfata, ya dogara sanda. Wannan karon bai duba yadi ba. Ya ce, "Na yi harbi, ban bi jini ba." Na ce to, mu tafi tare gobe, mu bi ta Sakkwato mu hau mota, in rufe rumfar. Ya ce a'a, wanda ya yi harbi shi ke bi, kuma ba a bi da gayya. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na kira Goggo ta yi masa faɗa. Wanda ya san Baba ya san ba a tare shi. Washegari bayan sallar asuba ya hau jaki, na cika masa gora, ya kama hanyar Rabah. Na tsaya ina kallon bayansa har ya sha kwana. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafinsa, ya dubi tausayin da ya yi wa dabbobin da ba su da bakin gode masa. Ina kewarsa, har faɗansa nake kewa.

Yaya ya iso bayan an yi sadakar uku. Ya yi furfura, har na so in kasa gane shi. Ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa tana kallon bango, hawaye na zuba. Da ya fito ya ce in kai shi kabari. Na ce sai mun je Rabah.

"Rabah? Mi yak kai shi Rabah?"

"Wurinka za shi."

Muka kama hanya har muka isa. Na nuna masa tsamiyar, na nuna masa kabarin. Ya zauna a ƙasa dab da shi, ya yi addu'a, ya daɗe. Sannan ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Gwankin nan, ina iya matsawa. Na iya rarrahe, an koya mani. Ban so ba na." Ya dafa ƙasar kabarin. "Can wurin yaƙi, waɗanda nih harba daga nesa ba su zo mani cikin barci. Na kusa su ka zowa. Da nig ga Baba na ɗaura burtu, na san za ya kai har inda ido ka ganin ido, kuma za a ce in taho in riƙe ƙahwa a yanka. Shi as sa niy yi sauri."

Na ce, "Yaya, mi ya hana ka hwaɗa mashi?"

"Shi nika shiri. Kowace shekara sai in ce bana."

Iska ta ɗan taso, ganyen tsamiya na zubo mana. Ya sa hannu ya share wanda ya faɗa a kan kabarin. Can ya juyo, ya dube ni irin duban da yake mini a tabarmar zaure in yana jiran in kawo masa saƙo.

"To, mi yac ce za ya ce mani?"

Na riga na yi wa Baba wannan tambayar da kaina, da asubar da nake ɗaura masa gora a jaki. Duk rayuwarsu ni ne bakinsu, na ɗauka wannan ma zai ba ni in riƙe.

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Na tambaye shi. Yac ce wagga ba ta ɗan aike ta ba, da bakinai za ya hwaɗa maka."

Yaya ya mayar da ido kan kabarin. Muka zauna nan har aka kira la'asar, ba wanda ya tashi.